Yadda ake shirya gwajin ɓeraye masu ciki don gane rabon ɗan tayi daga tayirod ɗin uwa

Ɗalibanmu 'yan Mai Wurno da Sinnar da Gadarif, a nan Sudan, da ke karatun likitanci, ko likitancin dabbobi, ko haɗa magunguna, sukan zo mini da shawarar bincike a kan maƙoƙo, kuma ban taɓa mamakin hakan ba, domin da wuya a sami wanda ya tashi a garuruwanmu bai ga gwaggo ko inna mai kumburi a gaban wuya ba. Mafi yawansu tambaya ɗaya ce a ransu: idan mace mai maƙoƙo ta ɗauki ciki, me ke samun abin da ke cikinta? Tambayar mai kyau ce, kuma farin ɓera na ɗakin gwaji shi ne dabbar da aka fi amsa ta da shi. Sai dai na sha ganin an kashe watanni ana kiwon ɓeraye, an zuba kuɗin da ba a da su, a ƙarshe sakamakon ya kasa rarrabe sinadarin da ya fito daga uwa da wanda ɗan tayin ya ƙera da kansa. Saboda haka na rubuta wannan bayani ga ƙannenmu masu niyyar shiga wannan aiki, domin su san inda ake tuntuɓe kafin su sayi keji ko ɗaya.

Tayirod, wadda a azuzuwan nan Sudan ake kira gudda daraƙiyya, wata 'yar tsoka ce mai ɓari biyu da ke kwance a kan maƙogwaro. Tana tsamo aidin, wato sinadarin nan da ake ƙara wa gishiri, daga jini ta haɗa sinadarai biyu, T4 mai ƙwayar aidin huɗu da T3 mai uku. T4 ne ta fi fitarwa, amma T3 ne ke yin aikin a cikin ƙwayoyin halitta, kuma mafi yawansa a cikin gaɓoɓin jiki ake samar da shi ta hanyar cire ƙwayar aidin ɗaya daga T4. Mai ba tayirod umarni shi ne TSH, wanda ke fitowa daga fituwitari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma yakan ƙaru idan T4 ya yi ƙasa. Idan ƙaruwar ta daɗe sai tayirod ta kumbura, wannan kumburin ne muke kira maƙoƙo.

Abu na farko da mai bincike zai haddace, kafin ma ya rubuta sunan bincikensa, shi ne kalandar cikin ɓera. Cikin yakan ɗauki kwana 21 zuwa 22. Ɗan tayin yakan manne a mahaifa wajen kwana na 5 zuwa na 6. Tushen tayirod ɗinsa yakan bayyana wajen kwana na 10, a matsayin ɗan kauri a ƙasan maƙoshi kusa da inda tushen harshe zai kasance, daga nan ya gangara zuwa mazauninsa a wuya ya rabu gida biyu. Amma bayyanar tsokar daban, fara aikinta daban. Sai wajen kwana na 17 ƙwayoyinta suke jeruwa su zama ƙananan rumbuna masu ajiyar wani ruwa mai kauri, su fara tara aidin, kuma sai tsakanin kwana na 17 da rabi da na 18 take fara zuba sinadarinta a jini. Ma'anar wannan ita ce, kusan kashi huɗu cikin biyar na zaman ɗan tayin ɓera a ciki yana yin sa ne ba tare da tayirod mai aiki ba, alhali ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mallaki makarɓan T3 tun wajen kwana na 14, ƙwayoyin jijiyar ɓawonta kuma sun fara hijira zuwa mazauninsu. Duk T4 da aka samu a jikinsa kafin kwana na 17 na uwa ne, babu jayayya. Duk wanda aka samu bayan kwana na 18 kuwa gauraye ne, kuma sai da dabara ake raba shi.

Wannan ba abu ne da aka yarda da shi tun farko ba. An daɗe ana koyar da cewa mabiyiya katanga ce da sinadarin tayirod ba ya tsallakewa, domin gwaje-gwajen da aka dogara da su na yi wa uwa allurar sinadarin sau ɗaya ne a ƙarshen ciki, sannan a auna jinin ɗan tayi a ga abin da ya isa bai taka kara ya karya ba. Masu binciken birnin Madrid na ƙasar Sifaniya, wato Gabriella Morreale de Escobar da mijinta Francisco Escobar del Rey da María Jesús Obregón, su ne suka rushe wannan fahimta. A 1984 suka nuna akwai T4 da T3 a jikin 'yan tayin ɓera kwanaki da dama kafin tayirod ɗinsu ta fara aiki, kuma sun kai ga haka ne saboda sun bar dogaro da jini kaɗai, suka koma tatso sinadarin daga naman jikin. A 1990 suka ƙiyasta cewa ko a kwana na 21, gab da haihuwa, kashi 17.5 cikin 100 na T4 da ke jikin ɗan tayi daga uwa yake. A ɓangaren mutane kuma, binciken da Vulsma da abokan aikinsa suka fitar a 1989 ya sami T4 a jinin cibiyar jariran da tayirod ɗinsu ba ta iya haɗa komai, kuma babu inda zai fito sai daga uwa.

Duk da haka, waɗanda suka ce katanga ce ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma ya kamata ɗalibi ya fahimci inda gaskiyarsu take. Mabiyiya da bangon mahaifa cike suke da wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai a jiki, da ake kira D3, wanda aikinsa shi ne lalata T4 da T3 ta hanyar cire musu aidin daga wurin da zai mayar da su marasa amfani. Abin da ya tsira daga D3 shi ke wucewa, kuma ba ya ratsa bangon ƙwayoyin halitta da kansa, sai wasu furotin 'yan dako irin su MCT8 sun ɗauke shi. Don haka mabiyiya ta fi kama da mai gadin ƙofa da ke barin kaɗan ya shiga, domin yawan sinadarin ma illa ne ga ɗan tayi. TSH na uwa ba ya wucewa da yawan da zai yi tasiri. Aidin kuwa yana wucewa, haka ma magungunan da ke danne tayirod, kuma a kan wannan bambanci ne duk dabarun gwajin suka ginu.

Sai batun kiwo, kuma a nan ne yanayin ƙasarmu ke shiga aikin ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Ɓerayen gwaji irin su Wistar suna bukatar ɗaki mai sanyin da ke tsakanin digiri 20 zuwa 24, da awa 12 na haske da awa 12 na duhu. Wanda ya san zafin watan Mayu a Hartum ko Wad Madani ya san cewa wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Zafi yana rage aikin tayirod da kansa, yana rage cin abinci, yana raunana maniyyin mazan, yana kuma sa ciki ya lalace. Idan ba a da tabbacin wutar da za ta riƙe na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, abin da ya fi shi ne a tsara aikin ya faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, a rataye ma'aunin zafi a ɗakin, a riƙa rubuta mafi sama da mafi ƙasa kullum. Kada a ajiye rukuni ɗaya kusa da taga ɗaya kuma a lungu. A cakuɗa kejin a kan kanta ɗaya. Abincin ma sai an san abin da ke cikinsa, domin garin kifi yana ɗauke da aidin mai yawa, waken suya kuma yana da sinadaran da ke taɓa aikin tayirod, kuma abincin kaji da wasu ke saya a kasuwa don sauƙin kuɗi yakan canja daga buhu zuwa buhu. A sayi abincin da zai isa gwajin duka a lokaci ɗaya. Wanda ke gwajin ƙarancin aidin ya shayar da tataccen ruwa na ɗakin gwaji, ya kuma nisanta maganin goge rauni mai aidin daga ɗakin kwata-kwata, domin ɗan abin da aka shafa a fata ya isa ya ɓata aikin makonni.

Kafin a taɓa dabba ko ɗaya, a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, a kuma lissafa mafi ƙarancin adadin da zai ba da amsa. Mu da muka tashi da hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka, ba mu da uzurin wahalar da dabba don kawai ɓera ce.

Ƙidayar kwanakin ciki ita ce ginshiƙin aikin, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Macen ɓera tana zagayen neman namiji duk kwana 4 zuwa 5. Ana sa ta a kejin namiji da yamma, da sassafe a ɗauko ɗan ruwa daga gabanta da tsinken auduga ko ɗan bututu mai ruwan gishiri, a shafa a gilashi a duba a madubin likita. Idan an ga maniyyi, an sami ranar farawa. To a nan matsalar take: wasu masu bincike suna kiran wannan rana kwana na sifili, wasu kuma kwana na 1. Bambancin kwana ɗaya ne tak, amma a cikin da bai wuce mako uku ba, kuma iyakar da ake nema tana tsakanin kwana na 17 da na 18, kwana ɗaya shi ne gwajin gaba ɗaya. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji inda mu biyu muka raba ɓerayen a tsakaninmu, ni ina ƙidaya daga sifili abokin aikina yana ƙidaya daga ɗaya, ba mu farga ba sai da muka ga 'yan tayin da ke cikin rukuni ɗaya sun bambanta a girma bambancin da ido ke gani. Tun daga ranar nake rubuta tsarin ƙidayar da babban baƙi a jikin ƙofa. A wannan bayani ina ƙidaya ne daga sifili. Kada kuma a bar namiji da mace tare kwana da kwanaki a ce za a gane ranar daga nauyin ciki, domin wannan kintace ne. A riƙa auna nauyin matan duk bayan kwana biyu, saboda ganin maniyyi ba tabbacin ciki ba ne, kuma gara a haɗa mata fiye da adadin da ake bukata.

Yanzu ga zuciyar al'amarin, wato yadda za a raba na uwa da na ɗa. Hanyar da za a bi ta danganta da tambayar da ake son amsawa, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar hanyar da ta fi sauƙi a amsa wata tambaya da ita wadda ba tata ba. Idan tambayar ita ce me ke samun ɗan tayi mai lafiyayyar tayirod a cikin uwar da tata ta gaza, to cire tayirod ɗin uwa ta hanyar tiyata kafin a haɗa ta da namiji shi ne ya dace, domin tiyatar ba ta taɓa ta ɗan. Aiki ne mai bukatar hannu, tun da faratayirod, masu kula da kalsiyam na jini, a manne suke a jikin tayirod ɗin ɓera, kuma idan aka cire su tare dabbar za ta shiga wata cuta daban da za ta gurɓata sakamakon. Ban da haka, macen da tayirod ɗinta ta daɗe da gazawa ba ta cika ɗaukar ciki ba, idan ta ɗauka ma 'ya'yan kan yi kaɗan, shi ya sa wasu ke riƙe ta da T4 har ciki ya kama sannan su janye.

Idan kuwa aka zuba metimazol, maganin da ke hana tayirod haɗa sinadarinta, a ruwan sha, wanda aka saba sa kashi 0.02 cikin 100, wato miligiram 200 a lita ɗaya, to an danne tayirod biyu ne a lokaci ɗaya, ta uwa da ta ɗa, tun da maganin yana tsallake mabiyiya. Wannan ne ɗalibai suka fi so saboda arha da sauƙi, kuma babu laifi a cikinsa matuƙar ba a ce an gwada gazawar uwa kaɗai ba bayan kwana na 17. Na fi son metimazol a kan PTU, wani maganin danne tayirod ɗin, a irin wannan aiki, domin PTU, ban da danne tayirod, yana hana inzayim D1 na hanta da ƙoda juya T4 zuwa T3, sai ya zama an taɓa wuri biyu ba a san wanne ya haifar da abin da aka gani ba. Akwai kuma wani tarko da takardun ƙasashen sanyi ba su cika ambata ba: maganin da ke cikin ruwa, yawan abin da dabba ta samu ya danganta da yawan ruwan da ta sha, ɓera mai ciki a ɗaki mai zafi kuwa tana shan ruwa sosai. Don haka a riƙa auna kwalbar kowace dabba kullum, a lissafa abin da ta sha bisa nauyinta, a rufe kwalbar daga haske, a kuma sabunta ruwan a kai a kai.

Tsarin da na fi ganin hikimarsa shi ne a haɗa biyun: a ba uwa metimazol, sannan a mayar mata da T4 daga waje, ko ta allurar kullum ko ta ɗan famfon da ake dasawa a ƙarƙashin fata yana ɗigar da maganin a hankali. Ta haka uwa ta koma daidai, tayirod ɗin ɗan tayi kuma tana nan a danne, duk T4 da aka samu a jikinsa ko a kwana na 21 ne to na uwa ne. Da wannan tsari Rosa Calvo da mutanen Madrid suka gano a 1990 abin da ya fi kowane sakamako a wannan fage amfani ga likitan mata masu ciki. Da suka ba uwa T4, T3 na ƙwaƙwalwar ɗan tayi ya dawo daidai. Da suka ba ta T3, ƙwaƙwalwar ba ta amfana ba, ko da yake T3 ɗin ya isa wasu gaɓoɓin. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana ƙera nata T3 a cikin gida daga T4, da taimakon inzayim D2, wanda ke ƙara himma idan T4 ya yi ƙaranci. Wannan yana da nauyi a wurinmu, domin uwar da ke fama da ƙarancin aidin jikinta yakan kare T3 ya bar T4 ya faɗi, sai a gan ta garau tana ayyukanta alhali abin da ƙwaƙwalwar ɗanta ke jira shi ne ya ragu. Famfon ya fi allura, saboda T4 a jinin ɓera yakan ragu da rabi cikin awa 12 zuwa 24, ba kamar na mutum da ke ɗaukar kusan mako guda ba, don haka allurar kullum tana sa shi hawa da sauka. Wanda bai da kuɗin famfo ya yi allurar a sa'a ɗaya kullum, ya kuma ɗebi jini a tazara ɗaya daga allurar ƙarshe ga dukkan dabbobin.

Hanyar yi wa uwa allurar T4 mai alamar aidin-125, wato aidin mai fitar da radiyeshan da na'ura ke iya bin sawunsa, tana bukatar lasisi da ɗaki na musamman, don haka ba zan tsaya a kanta ba, illa in ce aidin da ya ɓalle daga jikin T4 ɗin yana iya wucewa tayirod ɗin ɗan tayi ta sake gina sabon sinadari da shi, wanda mai gaggawa zai ƙirga a matsayin na uwa.

Wajen ɗaukar samfuri, a zaɓi aƙalla rana ɗaya kafin iyakar da ɗaya bayanta, misali kwana na 16 da na 21. A yi aikin da safe a sa'o'i iri ɗaya, a sa wa uwa maganin barci mai zurfi, a ɗebi jininta, a buɗe mahaifa, a ƙirga 'yan tayi masu rai da wuraren da ciki ya narke, a auna nauyin kowane ɗa da mabiyiyarsa, a ajiye su a kan ƙanƙara nan take. A kwana na 16 ɗan tayi bai kai giram ɗaya ba, ba za a sami jinin kirki a jikinsa ba, sai dai a daskarar da gangar jikin ko kan. A kwana na 21 yana kusan giram 5, ana iya tara jinin 'yan ciki ɗaya a bututu ɗaya, a ware ƙwaƙwalwa da hanta. Mabiyiya cike take da jinin uwa, idan ba a wanke ta sosai ba abin da za a auna jinin uwar ne. Samfuran suna son sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙasar nan, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya san firiza ɗaya ba abin dogaro ba ce. A raba kowane samfuri gida biyu a ajiye a wurare biyu.

Awon kansa yana da nasa tarkon. T4 da T3 na ɓera iri ɗaya ne da na mutum, amma kayan awon asibiti an gina su ne don jinin babban mutum, kuma abin da ke jinin ɗan tayin ɓera yakan yi ƙasa da abin da suke iya gani, sai na'ura ta ba da lambar da ba ta da ma'ana. TSH kuwa ya bambanta tsakanin halittu, dole a nemi kayan awo na ɓera. Auna sinadarin a cikin ƙwaƙwalwa yana bukatar a tatso shi da kulorofom da metanol sannan a tace, kuma idan ɗakin gwajinku bai da wannan ƙwarewa, gara a nemi haɗin gwiwa da wani wuri tun kafin a fara. Abin da kowa ke iya yi da kayan da ke hannu shi ne duba tayirod ɗin ɗan tayi a madubin likita. Ƙanƙantarta ba ta barin a ciro ta ita kaɗai, don haka a yanko wuyan gaba ɗaya tare da maƙogwaro, a jiƙa a fomalin, a yanka jere-jere. Rinin PAS, wani rini da ake shafa wa yankakken nama kafin dubawa, yana fito da ruwan cikin rumbunan sarai. A lafiyayyen ɗan tayi na kwana 21 za a ga rumbuna masu ajiya. A wanda aka danne da metimazol za a ga ƙwayoyin sun yi tsawo, ajiyar ta ƙare, tsokar ta girma, wato ya yi maƙoƙo tun yana ciki, kuma wannan shaida ce cewa fituwitarinsa ya riga ya fara amsawa.

A wajen lissafi, uwa ita ce ɗaya, ba ɗan tayi ba. Ɗalibin da ya sami 'ya'ya 36 daga uwa uku yana da samfuri uku ne, domin 'yan ciki ɗaya jini ɗaya suka sha. Masu duba takardun bincike suna mayar da aiki saboda wannan kuskure kaɗai.

Sai tambayar da na san yawancinku ita ta kawo ku, wato gero. An daɗe da lura cewa maƙoƙo ya yi yawa a Darfur, inda duhun, kamar yadda ake kiran gero a nan, shi ne babban abinci, kuma binciken Eduardo Gaitan da abokan aikinsa na 1989 ya nuna cewa geron yana ɗauke da sinadarai irin su biteksin da ke hana inzayim ɗin tayirod haɗa aidin, kuma sun fi taruwa a dusa. Wanda zai kai wannan tambaya cikin ciki ba zai wadatu da rukuni biyu ba. Yana bukatar huɗu: abinci na yau da kullum mai isasshen aidin, irinsa mai ƙarancin aidin, gero mai isasshen aidin, da gero mai ƙarancinsa, domin ta haka kaɗai zai san ko geron ne, ko rashin aidin, ko haɗuwarsu. Dole ya daidaita furotin da sauran abubuwan gina jiki a dukkan rukunan, in ba haka ba yunwa zai auna ya kira ta tayirod. Ya fara ciyarwar makonni da yawa kafin haɗa su da maza, tun da tayirod tana da ajiyar da ba ta ƙarewa da wuri. Ya kuma rubuta dalla-dalla yadda aka sarrafa geron, ko an surfa an bakace an wanke kamar na fura, ko an niƙa shi da dusarsa, ko an tsima ƙullun ya yi tsami kamar na koko, domin babu mai cin ɗanyen gero a gidajenmu, kuma gwajin da bai yi kama da tukunyar iyayenmu ba amfaninsa kaɗan ne gare su. A ganina kwatanta surfaffen gero da wanda ba a surfa ba ya fi kowace tambaya cancantar digiri na biyu a wannan fage.

Idan aka zo rubuta sakamako, a kiyaye iyakar abin da ɓera ke iya faɗa game da mutum. Tayirod ɗin ɗan tayin mutum tana fara tara aidin wajen mako na 10 zuwa 12, amma ba ta fitar da abin a zo a gani sai wajen mako na 18 zuwa 20, don haka dogaro da uwa a rabin farko na ciki gaskiya ne a halittun biyu. Sai dai ɓera ana haihuwarsa da ƙwaƙwalwar da ba ta nuna ba, sai wajen kwana 10 bayan haihuwa take kai matakin ta sabon jariri, saboda haka abin da ke faruwa a watannin ƙarshe na cikin mace, a ɓera yana faruwa ne a lokacin shayarwa. Ginin mabiyiyar ma ya bambanta, ga kuma jakar gwaiduwa da ke ci gaba da aiki a ɓera har ƙarshen ciki. T4 na macen ɓera yakan sauka yayin da haihuwa ke matsowa, na 'yar Adam mai ciki kuwa jimillarsa ƙaruwa take yi saboda furotin ɗin da ke riƙe shi a jini ya ƙaru. Don haka ba a ɗauko adadin magani daga keji a kai shi ɗakin awon ciki, ba a kuma cewa mutane su bar gero saboda abin da aka gani a ɓeraye ashirin. Abin da ya tabbata ga mai ciki shi ne bukatarta ta aidin ta kai maikirogiram 250 a rana bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, saɓanin 150 na sauran manya, kuma gishirin da ake samarwa daga ruwan teku a Bur Sudan ba ya wadatar da wannan sai an ƙara masa aidin. Wanda zai je garinsu ya ɗebo geron gwaji, ya haɗa da ɗan ƙullin gishirin da ake girki da shi a gidajen, ya sa a auna aidin ɗinsa, ya rubuta adadin a babin farko na kundinsa.